Sunan da Bakina Ya Ƙi Faɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka isa Kaduna lafiya, ka kuma sami mutanen gidan abokinka lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa wannan tafiya ta Ingila da kake shiri ta zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Ka gaida mahaifiyar abokin naka, ka ce na gode da riƙo, Allah ya bar zumunci.

Na san ka bar gida ranka a ɓace. Furar da na dama maka da safen ranar a ƙwarya ka bar ta, kai da ba ka taɓa barin fura ta kwana ba. Ban ga laifinka ba. Kwanakin da makarantar can ta ba ka suna ta ƙarewa, banki kuma ya ƙi ba ka katin da za ka biya kuɗin karatu da shi, don asusunka da takardun makarantarka suna cewa Abba Karare, katin zaɓenka da fasfonka kuwa suna ɗauke da sunanka na yanka da na babanka. Suka ce a idonsu mutum biyu ne, sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa mutum ɗaya ne. Muka je kotun nan ta Safana tare, magatakarda ya ce in faɗi sunan ɗana da bakina, na tsaya ina kallon ƙasa har ya gaji ya kira na bayanmu. Wannan ita ce maganar da ke tsakanina da kai, kuma a kanta zan rubuta. Ba zan cika ka da labarin gari ba, gari yana nan yadda ka bar shi.

Amma bari in fara da abin da ya hana ni sukuni tun ranar da ka ba ni labarinsa, muna zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa. Ka ce a can Ingila, in mutum ya kama ɗaki, abu na farko da masu wayo ke yi shi ne su sa sunansu a jerin masu zaɓe na unguwar, kuma wai har irinku 'yan ƙasar nan da ke zaune da izini an yarda su shiga. Ka ce in mutum ya je banki neman kati, irin wanda ake sayayya da shi a biya daga baya, sai su leƙa wannan jerin su ga ko sunan da ya faɗa nasa ne, ko gidan da ya faɗa nan yake kwana. Sannan ka ce akwai wasu mutane da ba su da wata sana'a sai ajiye labarin yadda kowa ke biyan abin da ya karɓa, banki kuma yakan tambaye su kafin ya yarda da kai. Na ce maka ikon Allah, na ci gaba da ɓarar gyaɗata kamar ban damu ba. To na damu. Tambayoyi ne cike da bakina, girman kai na malaman makaranta ne ya hana ni yi maka su, don mu mun saba mu ne masu tambaya.

Ga su nan yanzu, ka amsa min in ka sami sarari. Me ya haɗa zaɓe da bashi tun farko? Shin bankin yana ganin wanda mutum ya zaɓa? Na tuna ka ce sunan da gidan kawai suke gani, amma ka ƙara bincikawa. Wanda ya sa sunansa bai je ya jefa ƙuri'a ba fa, shi ma ana yarda da shi? Su kuma masu ajiye labarin mutane, suna da ranar yafiya, ko abin da mutum ya yi yana ɗan ashirin zai bi shi har furfura? In mutum ya mutu, wa ke zuwa ya gaya musu su rufe shafinsa? Ni dai da na juya abin a raina, sai na ga ai aikin mai unguwa ne suka ba takarda. A nan in baƙo ya zo neman rancen buhun gero, mai gero yakan aika a tambayi mai unguwa, ɗan gidan wa ne, yana biya ko sai an yi ta sintiri. Bambancin kawai, mai unguwa ya san Abba da mai sunan yanka mutum ɗaya ne, ya ci tuwon sunanka. Takarda kuwa ba ta je suna ba.

To tunda inda za ka sunan mutum a takarda shi ne mai unguwarsa, bari in gaya maka yadda ni na yi wasa da nawa da naka, ko ka tsira daga abin da ni ban tsira ba.

Ka san a rugarmu ta wajen Wagini aka haife ni, kuma ka san irin tarbiyyar da ake yi wa 'ya mace a can. Ba a faɗin sunan miji, ba a faɗin sunan suruki, ba a faɗin sunan ɗan fari. Kai kuwa ka haɗa duka. Kai ne na fari, aka kuma sa maka sunan kakanka, mahaifin babanka, shi ya sa gida ya ɗauki kiran ka Abba. Da aka yaye ka kakarka ta ɗauke ka, a ɗakinta ka yi wayo, har ka tashi kana kira na Malama kamar sauran yaran gari. Ban taɓa gyara maka ba. A lokacin ina ganin wannan shi ne cikar mutunci, har ina jin daɗi in mata suka ce Malama Hajara boko bai cire mata kunya ba.

Shekarar da ka isa shiga firamare a Karare, ni ce malamar aji ɗaya, rajista a hannuna take. Na rubuta yara ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na ubansa, har layi ya zo kanka. Sai alƙalami ya tsaya. Ba rubutun ne ya gagare ni ba, rubutu ai ba magana ba ne. Abin da na hango shi ne kullum da safe sai na kira wannan suna da ƙarfi a gaban yaran gari, in haɗa da na babanka, alhali kakanka yana nan da ransa, kuma wurin zamansa gindin darbejiyar nan ne da ke jikin tagar ajin. Ko tari na yi yana ji. Sai na rubuta Abba, a gurbin sunan uba kuma na sa Karare, na ce ai gari ma uba ne. Na rufe rajista ina ganin na yi dabara.

Hedimastanmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya gani da ya zo sa hannu. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Malama, kunyar taku har a takardar gwamnati? Ki gyara tun tawada ba ta bushe ba.”

Na ce masa zan gyara in an dawo hutu. Aka dawo hutu, aka sake tafiya wani, ka wuce aji biyu, rajista ta bi ka da abin da ke cikinta. Da shi ka yi jarrabawar fita firamare, da shi ka shiga sakandare, da shi ka buɗe asusu lokacin da ka shiga jami'a. Gyaran da zai ci mini rabin minti da ɗan layi ɗaya na jan biro, yau ga shi yana neman cin karatunka.

Don haka abu na farko, ɗana: duk ranar da aka miƙo maka fom a can, na banki ne, na ɗaki ne, na jerin masu zaɓen nan ne, ka fito da fasfonka ka ajiye a gabanka, ka kwafi sunan yadda yake, na gaba a gaba, na baya a baya. Kada ka taƙaita don Bature ya ji sauƙin faɗa. In harshensa ya karye wajen kiran ka, nasa ne, zai warke. Kuma in ka ga kuskure a takarda, ko ƙanƙani ne, kada ka bar wurin da niyyar za ka dawo. Ni ma niyyar dawowa na yi.

Laifina bai tsaya nan ba, kuma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan rasuwar babanka, da ka cika shekarun yin katin zaɓe, ka je da kanka ka ba su sunanka na gaskiya da nasa. Ka dawo ka miƙo min katin kana murmushi. Na karɓa, na karanta a zuci, na ga sunayen nan biyu a jere. A take na gane cewa wannan kati da takardun makarantarka sun raba hanya, kuma wata rana za a tambaya. Shekara nawa ina cika wa 'ya'yan mutane fom, ai ba a gaya min. Amma yin maganar yana nufin in buɗe zancen sunan, sai na ce maka hoton bai yi kyau ba, kunnuwanka sun fito kamar na zomo, na miƙa maka abinka. Ka yi dariya ka tafi. Da na yi magana a ranar, da an gyara tun babu wanda ke ƙirga maka kwanaki.

In wani abu ya yi maka nauyin faɗa, ka duba da kyau, sau da yawa shi ne wanda ya fi buƙatar a faɗa. Musamman a banki. In ba ka gane abin da suka ce ba, ka ce ba ka gane ba, su maimaita har sau uku. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba wanda ya san ka a can balle ya yi maka dariya a majalisa.

Yanzu bari in ba ka labarin nawa katin, wanda ka san farkonsa ba ka san ƙarshensa ba, don kana makaranta lokacin. Muna Karare wata mata ta riƙa zagayawa gida gida, ba zan kama sunanta ba tunda ta riga mu gidan gaskiya. Ta ce za a ba mata tallafin taki, kowa ta kawo katin zaɓenta a ɗauki hotonsa, ta dangwala yatsa a wata takarda. Matan unguwa suka zo wurina, suka ce Malama ke ce mai karatu, in kin bayar mu bayar. Ni kuwa ina tsakiyar tuƙa tuwo, hannuna duk gari. Na ce a ɗauko katin a cikin kwalla, na goge yatsa a zane na dangwala, ban karanta ko layi ɗaya ba. Ni da nake dukan tebur ina ce wa yara a karanta tambaya kafin a amsa. Aka kawo mana rabin buhun taki kowa, muka yi ta sa mata albarka.

Aka yi shekaru. Zama ya gagara a ƙauye, kamar yadda ka sani, muka kwaso abin da ya kwasu muka dawo nan Safana gidan Baffanka Tanimu. Da na ajiye aiki sai na yi sha'awar sayen injin matsar gyaɗa, in riƙa yin mai da ƙuliƙuli, don fansho ba ya kai wata. Na shirya na tafi wani ƙaramin banki neman rance, na sa mayafina mai kyau, ina tafe ina ganin ai ni ko a ina aka tambaya za a ce Malama ba ta cin haƙƙin kowa. Wata yarinya ma'aikaciya, ba ta wuce sa'arka ba, ta karɓi katina ta danna kwamfuta. Ta dube ni, ta dubi kwamfuta, ta sake duba na. Sannan ta sassauta murya ta ce, Mama, akwai bashin da ba ki biya ba.

Ashe takin nan ba tallafi ba ne. Rance ne na ƙungiya, aka karɓa da sunayenmu, rabi aka ba mu, rabi ya bi ta inda ya bi, ba kuma wanda ya gaya mana ana biya. Ni ban ji haushin kuɗin ba kamar yadda abin ya ɗaure min kai. Na ce mata, 'yar nan, wancan rancen ba a bankinku aka karɓa ba, ya aka yi kuka sani? Ta ce ai bankuna suna da inda suke tara irin wannan labari, kowa ya leƙa ya gani. Na ce to wa ya gaya musu ni ce, Hajara nawa ce a ƙasar Batsari? Ta ce lambar katin da yatsan. Na zauna ina kallon ɗan yatsan nan nawa, wanda na goge a zane ina sauri kada tuwo ya yi gudaji. Ka ga ashe abin da ka ba ni labari na Ingila ya riga ya iso mu, ni ce dai ban san sunansa ba sai da ya kama ni.

Ba a gama ba. Ta ce ko da an biya wancan, akwai wata matsalar: katina yana cewa ina Karare ta ƙaramar hukumar Batsari, ni kuma na rubuta a fom ina Safana. Aka tambayi can, aka ce Malama ta tashi. Aka tambayi nan, mai unguwa ya ce ya san ni da ido a gidan Tanimu, amma ba shi da ni a rubuce. Na zama ba ni can ba ni nan. An sha yin shela cewa wanda ya sauya gari ya je a mayar masa da rajistarsa, ni kuwa na ƙi zuwa. In gaya maka gaskiya, ba lalaci ba ne. Gani nake in na cire sunana daga Karare, kamar na yarda ke nan ba za mu koma ba, ga kabarin babanka a can, ga gonarmu. Sai na bar sunana yana gadin gidan da ba kowa a ciki. Sai da na sayar da tumaki biyu na biya takin da rabinsa kawai na gani, na yi ta zirga-zirga a kan babur tsakanin ofis da ofis har damina ta wuce, kafin a wanke ni. Injin kuwa ban saye shi ba sai da kuɗinsa ya kusa ninkawa.

Saboda haka katinka, kowane iri ne, kada ka ba wani ya riƙe, ya ɗauki hoto, ko ya karɓi wani abu da shi, ko da ɗan garinmu ne, ko da tare kuke salla. Na fi ma jiye maka ɗan garinmu, don shi ne za ka ji kunyar hana shi. Ka ce masa uwarka ta hana, ka ɗora min laifin, na saba ɗauka. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, ko tuwo na ƙonewa. In ka tashi daga ɗaki zuwa wani, a makon nan ka je ka gaya wa masu jerin zaɓen da bankinka, kada ka bar sunanka a gidan da wani zai shiga bayanka yana karɓar wasiƙunka. Son wuri a zuciya ake ajiye shi, ba a takarda ba. Karare tana nan a raina, ko da yake katina yanzu Safana yake cewa.

Shi kuma katin sayayyar nan na a ci yanzu a biya daga baya, ina da magana a kansa. Ka ce in mutum ya biya kafin wa'adi ba a ɗora masa komai, in ya wuce sai kuɗin ruwa ya hau. Ni ba malamar addini ba ce, ƙidaya da karatun Hausa na koyar, don haka ba zan yi maka fatawa ba. Ka nemi malamin da ya san zaman can ka tambaye shi tun kafin ka nema, ba bayan ka karɓa ba. In ya zamana akwai hanyar da za a san kai mai cika alkawari ne ba tare da shi ba, kamar biyan kuɗin ɗaki da na wuta a kan kari, ka bi ta. Kuma na san halinka da takalma. Tun kana ƙarami in ka ga sabon takalmi hankalinka yakan bar jikinka. Kati ba ya yin nauyi a aljihu yadda kuɗi ke yi, ba za ka ji yana raguwa ba. In banki ɗaya ya hana ka, kada ka bi su layi layi kana nema kamar mai tallan goro, ai kai ka ce min wannan ma ana rubutawa. Ka tsaya ka tambayi dalili, ka gyara.

To, na zagaya na zagaya, dole in dawo inda na baro.

Ranar nan a kotu, da na yi shiru, Baffanka da ya raka mu ya matso ya ce shi zai rantse, ai ɗan ƙaninsa ne, shi ya riƙe ragon sunan. Magatakarda ya ce ba laifi, zai karɓa. Kai ne ka hana. Ba ka ɗaga murya ba, ka dai juyo ka dube ni, abin da ba ka saba yi ba.

“Malama, na san Baffa zai iya. Amma ke kika rubuta wancan. Kuma ni ban taɓa jin nawa a bakinki ba, ko sau ɗaya.”

Na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina yaron nan boko ya ɓata shi, zai tozarta ni a gaban mutane, ga hanya mai sauƙi ya ƙi bi alhali shi ne ke da buƙata. Taurin kan nan kuwa na san inda ka gado shi, ba wajen babanka ba ne. Muka dawo gida, washegari ka tafi.

Bayan tafiyarka na yi ta juya maganar. Na tuna matar nan mai taki, yadda na daɗe ina jin zafinta don ta ɗauki sunana ta kai inda ban aike ta ba. Sai na ga ni ma ai abin da na yi maka ke nan, ta wata fuskar. Ita rashin kunya ya sa ta, ni kunya ta sa ni, amma kai da aka taɓa sunanka ba ruwanka da dalili. Kakanka da nake jin nauyinsa ya daɗe a ƙasa, babanka ma haka. Wa ya rage nake yi wa wannan kunyar? Ko a addu'a, yaron nan nake cewa, Allah ka tsare yaron nan, don na san Ubangiji ya san wanda nake nufi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko kai ka sani ba. Ina sonka, Abba. Tun ranar da kakarka ta saɓa ka a kafaɗa ta fita da kai daga ɗakina, na juya fuska bango don kada a ga idona, ban daina ba. Wannan ma yau na fara faɗa.

Na gwada a gida tukuna. Na shiga garken awaki na rufe ƙyaure, na buɗe baki, sai ga matar Baffanka ta leƙo tana tambaya ko wata ce ba ta da lafiya. Na ce ƙaho nake dubawa. Na ga dai in na tsaya gwaji ba zan taɓa yi ba. Jiya da hantsi na ɗauki mayafi na tafi kotun ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Magatakardan ya gane ni, ya sauke tabarau ya ce, Hajiya, yau bakin ya zo tare da ke? Na ce ya zo. Ya ba ni abin rantsuwa, ya ɗauki biro, ya ce to, sunan ɗanki da na mahaifinsa.

Na yi niyyar in faɗa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. Amma shekara da shekaru ina kiran rajista, muryar nan ta aji ita ta fito, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya waiwayo. Na ce, Idrisu Sa'idu.

Ƙasa ba ta tsage ba. Magatakarda ya duƙa yana rubutu abinsa. Ni kuwa sai na tsinci kaina a tsaye na karkata kunne, ina jiran a amsa daga bayan aji. Ba wanda ya amsa. A nan ne hawayen suka zo, a gaban ɗan sanda da masu ƙarar gona, ban kuma rufe fuska ba.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, da hatimi da sa hannuna. Direban da zai kawo maka ɗan ajina ne, ba zai yi wasa da ita ba. Akwai ƙuliƙuli a leda, na injina ne, ka ba mutanen gidan nasu, kada ka cinye kai kaɗai. Gobe da sassafe ka kai wa bankin, ka tsaya a kansu har su haɗa mutum biyun nan su zama ɗaya, ka karanta da idonka kafin ka fito. In ka gama ka kira ni a waya. Ba sai ka ce komai ba. Zan kira sunanka, kai dai ka amsa, don akwai amsar da nake bin ka tun aji ɗaya.

Allah ya buɗe maka ƙofofin da suka rufe, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare ka daga bashin da ba ka ci ba da wanda ba za ka iya biya ba, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa duk inda aka duba sunanka a sami alheri a gabansa. Allah ya jiƙan masu sunan da suka riga mu. Allah ya yi maka albarka, Idrisu.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka, wadda kake kira Malama,
Hajara, daga Safana.